Jikan Sparkhill

Ranar da Lovelyn ta bugo waya daga asibitin Birmingham tana nishin naƙuda, uwarta Celestina ta riga ta haɗa kayan jego a gidansu na Gorton: kanwa, yajin daddawa, garin kunu. Mijin Celestina, Iliya, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi.

"Ina za ki?"

"Baban Lovelyn, haihuwar fari ce fa. Train ɗaya ne."

"Wadda ta bar Almasihu don auren Taufiq ta bar gidan nan. Wannan gwaji ne, Celestina. Mu jimre."

Iliya dattijon ikilisiyar masu jin Hausa ce, shi ke koyarwa ranar Laraba, kuma a fagen labarin Kiristocin farko ba a kama ƙafarsa. Wanda ya fi so shi ne na wata mai jego a zamanin Romawa, da aka raba ta da jaririnta a kurkuku, ta ƙi musun Ubangijinta har aka kashe ta. In yana ba da shi har idonsa kan kawo ruwa. Jikansa kuwa ko hotonsa ya ƙi kalla.

Celestina ta mai da kayan cikin kabad. Ta ce wa 'yarta ta yi haƙuri, ta kashe wayar. Aka yi suna ba ta je ba, aka yi arba'in ba ta je ba. Ta riƙa gaya wa kanta sakamako na nan gaba, amma ƙirjinta kullum kamar an ɗora dutsen niƙa.

Abin da ya ƙure ta, zumuntar matan ikilisiya ce. Bayan wata bakwai suka tsayar da ita gaban jama'a, wai ga abin koyi, uwar da ta fifita bangaskiya a kan 'yar cikinta. Aka yi ta tafi. Matan da jikokinsu ke zaune a cinyarsu su suka fi kowa ƙarfin tafin. Tana tsaye tana murmushin dole, takaici ya cika ta. Waccan matar ta zamanin Romawa, sojoji ne suka ƙwace mata ɗa. Ita wa ya ƙwace mata? Ba kurkuku, ba takobi, sai namiji ɗaya a bakin ƙofa.

Washegari Iliya na fita aiki ta hau jirgin ƙasa.

Hajiya Rabi'a, uwar Taufiq, ita ta buɗe mata ƙofa a unguwar Sparkhill ta Birmingham. Da matar ta ɗaure fuska da abin ya zo da sauƙi. Ina! Rungume ta ta yi.

"Maman Lovelyn! Lale, lale. Kada ki damu, ni na yi mata wankan jegon, na ɗauki leave daga aiki. Ba abin da ta rasa."

Wannan kirkin ya fi mari ciwo.

Lovelyn ta sauko da yaron a kafaɗa, ta yi ƙiba, ta yi kyau. Ta gaida uwarta cikin ladabi, irin gaisuwar da ake wa maƙwabciya.

"Daddy ya san kin zo?"

"Bai sani ba."

"Okay. Sunansa Bara'u."

Celestina ta miƙa hannu. Goshin Iliya ne sak a fuskar yaron. Ta karɓe shi, ta fara yi masa 'yar waƙar da ta yi wa uwarsa tana jaririya. Bara'u ya ƙura mata ido, ya taɓe baki, sai ya tsala ihu yana banƙarewa, yana miƙa hannu wajen Hajiya. Celestina ta jijjiga shi, ta bubbuga bayansa, abin sai gaba yake.

Lovelyn ta matso. Ba faɗa a muryarta, ba gori.

"Kawo shi, Mummy, it's not your fault. Ƙiwa yake yi wa baƙi."