Ɗanyen Tumatir ɗin Inna

Sau uku tumatir ɗin Inna yana ruɓewa a kan iyaka. Ofishin wannan ƙasa kwana biyu, na waccan kwana biyu, rana na dukan kwanduna har ruwa ya riƙa ɗiga ta ƙarƙashin mota. Dillalin da ke saye a tsallake ya ce in ta sake kawo masa ruɓaɓɓe, to ta nemi wani. Hankalinta ya tashi ƙwarai, don autarta a can take aure, kuma wannan fataucin ne kaɗai ke kai ta ganin jikarta, ko da na awa ɗaya ne.

Sai ta yi dabara. Ta sa aka tsinko shi ɗanye shar, don ya nuna a layi.

Suna isa iyaka, babu layi. Dogo direba ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Inna, ko dai yajin aiki suke?"

Ina! Ƙasashen biyu ne suka haɗe ofisoshinsu. Jami'ai biyu, kaki daban-daban, tebur ɗaya. Wannan ya duba takarda, wancan ya buga hatimi.

"Shi ke nan, Hajiya, a sauka lafiya."

"Shi ke nan me? Ɗan nan, ina ofis na biyun?"

"Ga shi kusa da ni yana shan shayi."

Kai, zo ka ga murna! Dogo ya danne oda kamar zai fasa ta, Inna tana tafi tana sa wa jami'an albarka har da iyayensu. Sai da suka yi nisa ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Dogo! Ɗanye ne fa!"

Da suka isa, dillali ya matsa tumatir ɗaya, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, gwaiba kika koma sayarwa?" Ya tona kwando har ƙasa, ko ɗaya bai fashe ba. "A baza shi a rumfa. Duka ina so, amma sai kin jira kwana huɗu ya nuna."

Jira? Ai Inna gwana ce. Ta ɗauki tabarmar da ta tanada don kwanan iyaka, sai gidan auta. Jikar ta gan ta, ta ɓuya bayan uwarta, don ba ta gama saninta ba.

"Inna, mota na jira ko?" in ji autar. "Bari in kawo ruwa da sauri."

Inna ta shimfiɗa tabarma, idonta ya ciko.

"Bi a hankali, 'yar nan. Kwana huɗu zan yi."