Suruka a Kujerar Baya

Shekara goma sha tara Haladu yana auren 'yar Hajiya Rabi'a, ko sau ɗaya ba ta taɓa zama gaban motarsa ba. Yo wace suruka ce za ta jera kafaɗa da mijin 'yarta?

To, ran nan zai kai ta wankin ƙoda, suna fita daga unguwar Nuzla, can ƙasar Larabawa, askari mai tsaron hanya ya ɗaga hannu. Motoci biyar sun wuce lafiya, sai tasa, ta baƙin mutum. Askarin ya karɓi iƙama, katin izinin zaman baƙo, ya leƙa baya.

"Haya kake yi ba izini. Za a ja motar."

"Wallahi surukata ce, ranka ya daɗe. Asibiti za mu."

"Surukarka a baya? Fasinja ce, halas, magana ta ƙare!"

Zuciyar Haladu ta tafasa, amma ya san in ya ɗaga murya, ba mota, ba asibiti. Sai ya ji an buɗe ƙofa. Tsohuwar nan ta lallaɓo ta zauna gaba, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen askarin.

"Yanzu ka yarda, ɗan nan? Allah ya isa, ka keta mini kunya."

Askari ya miƙo iƙamar. "Yalla, ku tafi."

Har suka isa asibiti Haladu bai iya duban damansa ba.