Baƙin Ƙarfen da ke Ƙasan Kwalla

Shekarar da damina ta yi mana gardama, autata Wasila ta shigo gidanmu na Kara-Kara da ƙunshi a hannu. Na ɗauka sikari ne. Ina kwancewa sai ga wani baƙin ƙarfe, da kaɗan ya fi tafin hannuna.

"Inna, ajiya na kawo miki. Diski ne na rediyonmu."

Wasila ce ke kula da na'urorin wani ƙaramin gidan rediyo a nan Damagaram. Ta zaunar da ni tana bayani: wai manyan injuna biyu gare su, kowanne ɗauke da ƙananan kwamfutoci da ido ba ya gani, in ɗaya ya tsaya ɗayan ya karɓi aikin. Amma duk abin da suka naɗa a ma'ajiya guda yake, a ɗaki guda, kan wayar wuta guda. Shi ya sa ta kwafe komai a ƙarfen nan, don a ajiye shi nesa da injunan.

"In kuran, wutar lantarkin nan, ya yi ɓarna, duka za su tafi, Inna. Tura shi ta intanet kuwa, da irin rezo ɗinmu, sai mun tsufa. Muryar Baba ma tana ciki."

Nan na daina dariya. Mai gidana, Malam Sallau, haƙar rijiya ya yi duk rayuwarsa. Kafin ya rasu, ƴan rediyon sun zaunar da shi ya ba da labarin tsofaffin rijiyoyin karkara, suka naɗa har da tarinsa. Ko hotonsa ba ni da shi, muryar nan kaɗai ta rage mini.

Ni kuwa a unguwa an san ni da riƙon ajiya. Daga ɗan kunnen amarya har likkafanin tsohuwa, ba a taɓa ba ni abu ya yi ƙafa ba. Na naɗe ƙarfen a tsumma, na sa shi a ƙasan babbar kwallata. Duk Juma'a Wasila ta kawo wani, ta tafi da wancan.

Da bazara ta kama, yunwa ta koro mana dangi daga Hamdara. Ƙanwata Delu da ƴaƴanta suka cika tsakar gida. Na kira Hajja dillaliya, na sayar da gado, na sayar da tasoshi, har aka zo kan kwallar. Hajja akwai kaifin ido, nan take ta hango ƙarfen.

"Lubabatu, masu gyaran ordinatir, kwamfutar nan, na son irin wannan. Rabin buhun gero zan kawo miki kafin la'asar."

Wallahi cikina ya amsa kafin bakina. Delu ta dube ni, ta dubi yaranta. Na ce wa Hajja ta ɗauki kwallar, ta haɗa da zannuwan aurena da na daɗe ina ɓoyo. Ƙarfen na mai da shi cikin tsohuwar ƙwarya. Hajja ta fita tana cewa tsufa ya fara taɓa mini kai.

Juma'a ba ta zagayo ba, wata rana da hantsi rediyon ya yi tsit. Wasila ta faɗo gida ko sallama babu. Wuta ce ta dawo da ƙarfi, ta ƙone injunan biyu da ma'ajiyarsu. Ta leƙa ɗakina, ta ga wayam, ta dafa bango.

"Inna, ina kwallar?"

"Kwalla kika ba ni ajiya?" na ce, na miƙa mata ƙwaryar.

Yarinyar nan da ta yi karatu har Yamai ta durƙusa ta kifa kai a cinyata tana kuka. Ni dai ban yi kuka ba, hanci na ɗaga, don na san ranata ce.

Da suka samo injin aro suka koma aiki, mai gabatarwa ya ce za su buɗe da hirar marigayi Malam Sallau mai rijiya. Na ɗauki rediyo na kai ƙofar gida, na juya shi wajen gidan Hajja, na ƙure murya. Delu ta zo ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna.

Sai ga shi ya yi tarin nan nasa, ya ce, "Bismillahi."