Ranar da Na'Allah Ya Mutu Na Numfashi Ɗari

Shekara huɗu a jere Na'Allah tela yana shiga gasar gudu ta Illela, shekara huɗu a jere ina ɗauko shi a bayan kekena. Ni ne Yari mai faci a bakin tasha, abokinsa tun muna yara, saboda haka ba ni da hanyar gudu daga wannan wahala.

Tseren daga filin firamare yake tashi, a je ƙauyen Amarawa a dawo. A zuwa babu mai kama Na'Allah. A dawowa kuwa, da ya iso wata tsamiya ta bakin hanya, sai jijiyar sharaɓarsa ta dama ta ɗaure tamau, ya zube yana kiran sunan Allah. Kullum wurin nan, kamar sun yi alkawari. Har ta kai mutane sun daina jira a filin firamare, sai su tafi gindin tsamiya da rake su zauna.

A 1984 ya yi wa mahaifiyarsa, Inna Tasalla, alkawari cewa bana ce ta ƙarshe. Ba kofi yake nema ba. So yake sau ɗaya a rayuwarsa ya shiga filin nan da ƙafafunsa.

Ana saura wata uku, wani malamin lissafi ɗan Indiya, Mista Raghu, ya kawo ɗinkin wando. Ya tsaya yana kallon yadda Na'Allah ke taka keken ɗinki da ƙafar dama kaɗai tun safe, ya matsa sharaɓar, ya ce wannan ai itace ce ba nama ba. Ya ce akwai wani motsa jiki na ƙasarsu, yoga, mai sassauta jijiya da tsawaita numfashi, zai koya masa.

Na ga abubuwa a watannin nan. Na'Allah, ƙato mai gemu, ya dafa ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama. Ko ya tsaya a ƙafa ɗaya kamar zalɓe, hannuwa a sama, ido a kan bango.

"Mi kaka yi haka?" in ji Inna. "Sabuwar salla aka kawo?"

Sai da ya je wurin liman. Liman ya sa ya gwada a zaure, ya kalla tsaf, ya ce in dai motsa jiki ne babu laifi, amma ya riƙa ba gabas baya don kada jama'a su rikice.

Gaskiya abin ya yi amfani. Mutumin da a da ba ya iya taɓa gwiwarsa sai da nishi, ya koma yana dafa ƙasa da tafin hannu. Haki ya ragu. Amma ni a raina ban yarda ba, domin na san tsamiyar nan.

Saura mako guda Mista Raghu ya koya masa darasi na ƙarshe: ya kwanta rigingine, ya saki jiki gaba ɗaya, kada ya motsa, kada ya yi magana, sai ya ƙirga numfashi ɗari a hankali. Shi kuwa Na'Allah in aka ba shi umarni, soja ma ya san da zamansa. Da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya kwanta. Ƙudaje suka dame shi, sai ya jawo ragowar farin yadi daga shago ya lulluɓa tun daga kai har ƙafa.

Inna ta dawo daga maƙwabta ta tarar da haka. Ta kira shi sau uku, shiru. Ta ɗaga hannunsa ta saki, hannu ya faɗi yaraf, don an ce ya saki jiki. Sai ta ɗora hannu a ka ta fara salati.

Ina cikin liƙe taya labari ya iso ni. Ban san lokacin da na isa gidan ba. Na tarar da maza a tsaitsaye, mata na kuka a ɗaki, an aika kiran liman. Na durƙusa a gefen tabarmar, baƙin ciki ya cika ni, bakina ya buɗe da kansa.

"Ka yafe mini, Na'Allah," na ce. "Ban taɓa yarda za ka wuce tsamiyar nan ba. Ni na fara gaya wa mutane su je can su jira. Bana ma har matashin kai na ɗaura a bayan keke, don kada ƙarfen ya ci maka jiki in na ɗauko ka."

Ina cikin share hawaye, sai aka ce daga ƙarƙashin yadi, "Ɗari."

Ya tashi zaune. Ban ga ƙofar da ta ishi mutane ba ranar nan. Idi mahauci ta katanga ya fita, takalminsa ɗaya har yau yana gidan. Inna ta ɗauki muciya ta bi ɗanta da ita tana kuka tana dariya. Ni kuwa aka bar ni durƙushe a gefen tabarmar.

Da ƙura ta lafa Na'Allah ya dube ni. "Na ji duka," ya ce. "Tun ina saba'in da biyu ka soma."

"To mi ya hana ka magana?"

"Ban kai ɗari ba."

Bai ƙara tada zancen ba, wannan kuma ya fi zagi ciwo. Kunya ta hana ni zuwa shagonsa duk makon.

Ranar tsere na bi shi a keke kamar kullum, matashin yana nan don kwance shi ma kunya ce. Gindin tsamiya ya cika fiye da kowace shekara, kowa na son ganin gawa tana gudu. A dawowa, muna dosar wurin na ga ƙafar dama ta fara ja. Ya rage gudu, ya tsaya cak. Aka kwashe da dariya, wani har ya ce in matso da keke.

Na'Allah ya juya wa gabas baya, ya dafa ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama, ya danna diddige a hankali. Numfashi biyar na ƙirga masa. Mutum uku suka wuce shi. Sannan ya miƙe, ya dube ni, ya ci gaba da gudu. 'Yan rake suka bi bayansa da ido.

Shi ya zo na tara cikin mutum ashirin da uku. Yana tsallake layi ya nemi inuwa ya kwanta rigingine, ya rufe ido. Jama'a suka yo kansa, wata tsohuwa har ta fara jan numfashin kuka.

Inna Tasalla ta ratsa su. Ta zo wurin kekena, ta kwance matashin ba tare da ta dube ni ba, ta sa masa a ƙarƙashin kai. Sannan ta tsaya a kansa tana kore ƙudaje da gefen gyalenta.

"Kada wanda ya yi mini salati a nan," ta ce. "Ƙirga yake yi."

Na jingine keke na zauna a ƙasa kusa da shi. Wannan karon na riƙe bakina har ya kai ɗari.