Hannun da ya kwantar da Ɗanƙarami

Hamisu ɗan kabu-kabu ne a unguwar Kara-Kara cikin birnin Damagaram, kuma in ka cire moto ɗinsa, wato babur ɗin da yake haya da shi, babu abin da yake so a duniya kamar dambe. Shi kansa bai taɓa naɗa hannu ba, don siriri ne kamar karan dawa, iska mai ƙarfi ma sai ta yi shawara da shi. Amma baki kam Allah ya ba shi. Kullum da la'asar sai ya kafe moto a gindin dogon yaro, kusa da teburin Baba Sule mai kilishi, inda ƴan fadarsu ke dafa shayi. Kafin ruwan farko ya tafasa an buɗe musun da ba ya ƙarewa: tun da aka fara dambe a ƙasar Damagaram, wa ya fi kowa duka?

Gwanin Hamisu Mai Nasara ne, wani saurayin unguwarsu mai faɗin ƙirji, wanda ke ɗaga ƙarafan manyan motoci da siminti kowace safiya a bayan gidansu. A dambe, in mutum ya kai ƙasa sai a ce an kashe shi, kuma Mai Nasara ya kashe maza daga Zango har Magarya. Duk wasanninsa suna cikin wayar Hamisu.

Baba Sule kuwa tsohon mahauci ne, gwaninsa ɗaya tak, Ɗanƙarami na Gaffati, wanda ya yi tashe tun Sule yana saurayi.

"Na gan shi da idona a bakin Kasuwar Dole," in ji Baba Sule, yana shafa wa kilishi labu. "Ya naushi wani basamude daga Gure, sai da mai kalangu ya saki kalangunsa."

"Baba Sule, labarin da ai kullum ƙara ƙiba yake," Hamisu ya ce. "Bara cewa ka yi hular mai kalangun ce ta faɗi. Ni nawa ga shi nan a waya, kowa ya gani. Kuma ƴan yanzu horo suke yi, ƙarfe suke ɗagawa."

"Ku ƙarfe kuke ɗagawa, su sa suke kayarwa kafin a yanka."

Haka suke yi har a sha ruwa na uku, a tashi babu wanda ya sauka daga kan bakansa.

Ran nan suna tsaka da musun sai ga Mai Nasara da kansa ya zo sayen kilishi. Mutum ne marar yawan magana. Ya tsaya yana saurare har Baba Sule ya gama naɗe masa, sannan ya ce, "Baba, shi Ɗanƙaramin yana da rai?"

Baba Sule ya miƙa masa kilishin. "An ce yana can Gaffati. Rabona da shi tun kafin a haifi ubanka."

Mai Nasara ya dubi Hamisu. "Gobe da safe ka kai ni."

Suka ce wa Baba Sule ya biyo su, ya girgiza kai, ya ce shi ya ga mutumin lokacin da ake ganinsa, ba shi da bukatar ganin tsufansa.

Washegari Hamisu ya cika moto da esansi suka kama hanya. Kaka ce, an gama yankan gero, dammuna jere a gonaki ana ta kai su rumbu. Hamisu yana tuƙi yana shirya abin da zai faɗa a fada in sun dawo, don ya tabbata wani tsoho za su tarar mai cika baki.

Suka kuwa tarar da tsoho, a ƙofar gida, ƙarƙashin kuka, yana tufka igiya. Gajere ne, bai kai kafaɗar Hamisu ba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hamisu ya danne dariya ya yi sallama, ya durƙusa ya miƙa hannu. A nan dariyar ta mutu. Hannun da tsohon ya miƙo kamar ba a jikinsa aka halicce shi ba. Ya kusa ninka na hagu, gaɓoɓin yatsun sun baje sun haɗe wuri guda kamar ɗan dutsen niƙa. Hannun Hamisu ya ɓace a ciki gaba ɗaya. Tsohon bai matsa ba ko kaɗan, amma Hamisu ya ji kamar ya sa hannu a bakin ƙofar ƙarfe yana jiran a rufe.

Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiyar hanya, Hamisu ya faɗi abin da ya kawo su.

"Wa ya fi kowa duka?" Ɗanƙarami ya ajiye igiyar. "Don wannan kuka ƙona mai tun daga birni? Ni ne mana."

"To Baba, ga wannan ka gani."

Hamisu ya kunna masa wasan da Mai Nasara ya yi da wani ɗan Matamai. Tsohon ya kawo wayar dab da hancinsa, ya ƙanƙance ido. Da dukan ya sauka, ɗan Matamai ya zube, sai ya zabura.

"Kai! Sake kunnawa." Aka sake. Ya ɗago ya dubi Mai Nasara sama da ƙasa. "Wannan kai ne, jikana? Masha Allah. Daga ƙafa dukan ya taso, ba daga kafaɗa ba. Da a zamaninmu ka zo, da mun sha wuya da kai." Ya miƙa wa Hamisu wayar. "Amma da na kashe ka a turmi na biyu."

Mai Nasara ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Hamisu na shirin buɗe baki sai ga Inna Balki, matar tsohon, ta fito da ƙwaryar fura. Ta ajiye a gabansu ta ce, "Malam, ka daina cika wa baƙi baki. Ka ba su labarin Tirmini."

Hamisu ya zaci tsohon zai ɓata rai. Sai ya ga fuskarsa ta washe kamar an ambaci sunan masoyi.

"Ai da ma can zan je," ya ce. "Ku sha fura tukuna."

Ya gyara zama. Ya ce wata shekara da aka yi albarkar gero, suka tafi wasa Tirmini, shi da makaɗansa. A lokacin babu wanda ya taɓa ganin bayansa a ƙasa. Ya kashe duk wanda aka fito masa da shi, makaɗa na zuga shi, kansa ya yi zafi, ya zagaya fili yana cewa ashe babu namiji a Tirmini. Sai wani mutum ya keto taro, ƙafafunsa duk laka, ya fito daga aikin rijiya ke nan. Sunansa Yakuba, haƙa rijiya ce sana'arsa, kuma bahago ne. Ko naɗin hannu bai iya ba, sai da wani ya naɗa masa.

"Tsayuwarsa ma abin dariya," in ji Ɗanƙarami. "Ya tsaya min sototo kamar mai jiran a auna masa hatsi. Na ce bari in sallame shi ya koma aikinsa. Na ba shi wannan," ya ɗaga ƙaton hannun, "a tsakiyar ƙirji, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Wallahi sai na ji kamar dutsen Birni na nausa. Bai matsa ba. Ya dube ni kamar yana jin tausayina."

"Sai me, Baba?" Hamisu ya tambaya. Bai ma san ya ajiye ludayin ba.

"Ban ga tasowar hannun ba, ɗana. Har yau ban gan ta ba. Ƙara kawai na ji, irin ta guga in ya kuɓuce ya faɗa rijiya mai zurfi. Sai na ga sama. Shuɗiya tas, ga wata shirwa tana shawagi a hankali. Na ce a raina, kai, Allah ya iya halitta. Ban san a kwance nake ba."

Ya kamo hannun Hamisu ya ɗora a muƙamuƙinsa na dama. Ƙarƙashin furfurar gemun akwai wani kwari, inda ƙashin ya karye ya haɗe a karkace. Yatsun Hamisu biyu suka shige ciki.

"Wata guda kunu kawai yake sha," in ji Inna Balki. "Ni na dama."

Ɗanƙarami ya ce da ya farfaɗo a ɗakin Yakuba ya ga kansa, mutumin na yi masa fifita yana hawaye, yana roƙon gafara. A gabansa Yakuba ya rantse ba zai sake naɗa hannu ba, kuma bai sake ba har ya koma ga Allah.

Hamisu ya yi ƙoƙarin tattaro bakinsa. "Amma Baba, duka ɗaya ai ba a ƙirga shi. Mutum ya yi wasa sau ɗaya a ce ya fi kowa?"

"Suna nawa ne, kirari nawa ne, wannan ban bar wa kowa ba. Amma tambayarka duka ce. Ni na sha na kowa, daga nan har Kano. Na san ɗanɗanonsu."

Mai Nasara ya ce, "Baba, nuna min yadda ya yi."

"Na ce maka ban gani ba. Sai dai yadda jikina ya gaya min."

Ya dafa kukar ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya sa Mai Nasara ya haɗa tafukansa biyu a gaban ƙirji, ya kafa ƙafa. Tsohon ya tsaya sototo, hannaye a sake. Hamisu yana kallonsa, bai ƙifta ba, ya rantse bai ƙifta ba. Abin da ya gani kawai shi ne diddigen tsohon ya juya cikin rairayi, sai wani sauti ya tashi, fam! Kajin da ke tono a gindin danga suka watse. Mai Nasara, wanda ƙarti ke nausa bai gusa ba, ya yi baya taga-taga sai da ya dafa moto. Kuma da hagu ne, ƙaramin hannun.

Ɗanƙarami ya koma ya zauna yana haki. "Wannan inuwarsa ce kawai," ya ce. "Tun daga ranar nake kwaikwayo, ban kamo ko rabinsa ba."

Da suka yi sallama, Mai Nasara ya hau bayan moto yana hura tafukansa da suka yi jawur. Sun shigo gari Hamisu zai karya kan moto zuwa Kara-Kara, sai Mai Nasara ya ce, "Wuce. Tirmini za mu."

Rana ta karkata suka isa. Suka yi ta tambayar Yakuba ɗan dambe, babu wanda ya san shi. Sai da Hamisu ya ce bahago mai haƙa rijiya, sannan wata tsohuwa da ke ɗaure akuya ta ce, "Yakuba Bahago? Dambe kuma? Mutumin da ko jaki ba ya duka?" Ta yi dariya ta nuna musu hanyar rijiyarsa, a bayan gari, inda mata ke jan ruwa.

Hamisu ya dafa bakin rijiyar ya leƙa. Ƙasa ce daga sama, tsawon mutum ko fiye, daga nan kuma sai dutse, irin baƙin dutsen nan na Damagaram da ke karya haƙoran injin. Rijiyar ta ratsa shi ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har ruwan ya zama kamar ƙwayar ido can cikin duhu. Inda haske ya kai, ana ganin sawun diga a jikin dutsen, sara kan sara, dukansu sun karkata gefe guda. Wata mata ta ce kakarta ta gaya mata shi kaɗai ya fasa dutsen, bayan maza sun gwada sun bari.

Mai Nasara ya miƙa hannu ya shafa sawun da ya iya kaiwa. Matar ta jawo guga ta ba su. Ruwan da sanyi har yana kama haƙori. Suka sha, Mai Nasara ya tsoma tafukansa cikin sauran. Har suka dawo gari Hamisu bai yi magana ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Kashegari ya ba da labari a fada tun daga farko. Baba Sule ya ji daɗin batun hannun da na kajin, har ya ba kowa kilishi kyauta. Da aka zo kan Tirmini kuwa sai ya murtuke, ya ce tsufa ne ya rikita Ɗanƙarami, shi bai yarda akwai wanda ya taɓa kai shi ƙasa ba, ko da shi da kansa ya faɗa. Wasu samarin suka tsaya kan Mai Nasara, suka ce duka ɗaya ba tarihi ba ne. Hamisu ya koma ɓangaren Yakuba, mutumin da bai taɓa gani ba, kuma ya fi kowa ɗaga murya.

Shi dai Mai Nasara bai sa baki ba. Amma maƙwabtansa sun ce tun daga makon nan ya rage ɗaga ƙarfe. Ya samo tsohuwar diga a wajen maƙera, kullum da sassafe yana can bayan unguwa cikin duwatsu, yana sara da hagu.