Abin da Lalle Ya Rufe

"Rufe idonki, Inna," in ji Malama Rahama, ma'aikaciyar lafiya a Bodinga, tana murza 'yar auduga.

Hajjo ta rufe. Shekara biyu ke nan tana ƙunshi kowane mako, har matan Horo Birni suna tsokanarta wai tsohuwa ta tashi neman miji. Ba kwalliya ba ce. Faratanta ne suka yi kauri suna marmashewa, ga zagayayyun tabo a hannu da wuya, ita kuwa da fura take ci. Ranar da aka gani, babu mai sake shan damunta. Ta san haka, domin ta ga yadda aka yi wa mahaifiyarta Indo. Tabo irin wannan ne ya fito mata, dattawa suka ce kuturta ce, aka yi mata bukka a bayan gari, aka ware mata ƙwarya. Hajjo tana budurwa, ita ke kai tuwo, ta ajiye a bakin ƙofa ta ja da baya.

Audugar ta taɓa tabon wuyanta.

"Kin jiya?"

"Na jiya, ɗiyata."

"Nan fa?"

"Nan ma na jiya."

Rahama ta kankare tabon, ta yanki farce ɗaya, tana mitar lallen da ya hana ta ganin launinsa, ta kai a duba. Hajjo ta zauna a benci tana susa. Sai bayan azahar aka kira ta.

"Makero ne," in ji Rahama, "ya shiga har akaifu. Hannunki ba ya rabo da ruwa, shi ya sa. Ga na shafawa, ga ƙwaya, wata uku ba fashi. Lallen ga kuma ki bar shi."

"Ba kuturta ba?"

Rahama ta yi dariya. "Tabon kuturta ba ya jin taɓi, ba ya ƙaiƙayi. Ke ko tun ɗazu susa kike."

Hajjo ba ta yi dariya ba. A motar Shagari, kan hanyar komawa gida, ta rungume ledar maganin, abin da take ji kawai shi ne ƙarar nan da ke fitowa daga bukkar duk sanda ta ajiye tuwo: ƙar, ƙar, ƙar. Indo ce da totuwar masara, tana susar wuya. Shekara tara tana yi, har ta rasu.

Da ta sauka ba ta nufi gida ba. Ta bi hanyar bayan gari, inda yanzu gero ya rufe wurin bukkar.