Ƙwaya Huɗu a Murfin Kofi

Tun da aka sa Baba cikin binciken asibiti, magungunansa suka koma hannun 'yarsa. Ita ce mai kabad da makulli, saboda 'yarta da ta fara tafiya, komai ta tsinta sai baki.

Sankara ce ƙarama, in ji likita, tana cikin ɗan ƙullun nan da ke ƙasan mafitsarar maza. Ba ta kai a yi aiki ba, ido kawai za a sa mata. Masu binciken suna so su gano ko asfirin da bitamin D, waɗanda ke kowane kemis, za su hana ta girma. Aka ba Baba kwalabe biyu farare, ba suna, sai lamba. Wasu mazan maganin gaske ake ba su, wasu kuma ƙwayar gari zalla, kuma ko likitan bai san wa ya samu wanne ba. Duk wata uku za a ɗebi jininsa, a duba shi tsaf, ba bin layi.

Maganar garin nan ce ta tsaya mata a rai. A ce ubanta ya shekara uku yana haɗiyar gari? Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta shiga kemis ta sayo asfirin da bitamin nata, kowace safiya takan zuba masa ƙwaya huɗu a murfin kofi maimakon biyu. Baba bai taɓa tambaya ba. Tsohon direba ne, ya ce shi yanzu fasinja ne, inda aka tsaya nan zai sauka.

A wata na biyar ta fara ganin jini a buroshinsa. Ranar Talata kuma haɓo ya ɓalle masa, ya ƙi tsayawa har suka isa asibiti.

Ɗakin binciken yana ƙarshen baranda, kujeru uku ne da fanka mai ƙara. Baba ya zauna da auduga a hanci yana tsokanar jikarsa, wai amaryarsa ta ga ango ya tsufa ta daina kula shi. Nas ta juye kwalaben a faranti, ta ga ragowar daidai, ta yaba masa. Sannan ta tambaya ko akwai wani magani da yake sha ban da nasu.

Baba ya ce babu, ko na ciwon kai. Da gaskiyarsa ya faɗa.

Nas ta ce to za ta rubuta cewa ƙwayar bincike ce ake zargi. Biro ya fara tafiya a kan takarda. 'Yar tasa tana kallon biron, ba ta jin tsoro, ba ta jin komai, kamar a wani ɗakin ake maganar. Idan ta yi shiru, Baba zai riƙe gurbinsa. Likita kuma zai yi ta neman dalilin jinin a inda ba ya nan.

Ta buɗe jaka, ta ture kayan yarinya, ta ajiye fakiti biyu a kan tebur.

"Ni nake ƙara masa. Bai sani ba."

Ba wanda ya yi mata faɗa. Likita ya shigo, ya juya fakitin, ya tambayi tun yaushe. Ya ce dole ya san yawan asfirin da ke jikin Baba, don haka zai buɗe lambarsa, kuma duk wanda aka buɗe tasa ya gama shan ƙwayar bincike. Ya yi danne-danne a kwamfuta na ɗan lokaci.

"Na gasken yake sha tun farko," ya ce. "Duka biyun."

Aka karɓe kwalaben. Aka mayar da Baba layin kowa da kowa, aka rubuta masa ranar dawowa bayan wata shida.

A baranda Baba ya gyara audugar hancinsa ya dube ta.

"Uwata, ashe lodi biyu kike yi mini."

Ta sunkuya ta goya yarinyar, ta ɗaure zani, ta karɓi katin daga hannunsa don kada ya yar. Wata shida. Ta fara lissafa su da yatsa tun daga matakala, ta ɓata, ta sake daga farko.